Injin wankinka ya daina matse kaya? Ga yadda nake wanke masa ciki

Injin wanki mai sarrafa kansa ba ya shiga gudun matsa sai ya tabbatar ruwan cikinsa ya fita. Haka aka ƙera shi, ko mai ƙofa a gaba ne ko mai murfi a sama. Don haka idan ka buɗe inji ka tarar shadda na ɗiga ruwa, zanen gado ya yi nauyin da hannu ɗaya ba ya ɗaga shi, kada hankalinka ya fara tafiya kan motar da ke juya ganga, wato tukunyar da ake zuba kaya a ciki. Fara da tambayar ruwa: yana fita kuwa? In yana fita, da ƙarfi ne ko tsiyaya yake? Yawancin injinan da ake kira na in duba a gidajen maƙwabta, a nan gizo ke saƙar.

Sana'ata wanki da guga ce a Samaru, ba gyaran inji ba. Sai dai wanda abincinsa ke cikin inji dole ya san cikinsa. Iri biyu nake aiki da su, mai tukunya biyu wanda ake murɗa wa lokaci da hannu, da kuma mai ƙofa a gaba ɗan gwanjo mai cin kilo 7. Kayan ɗalibai, manyan riguna na Juma'a, labule, bargo, duk ta cikinsu suke bi. Yanzu ana yawan cewa a zuba wa inji tsami ya warke daga kowace cuta. Maganar da gaskiya a ciki, amma rabi ce. Tsami yana narkar da abin da ya danƙare a hanyar ruwa. Ba ya gyara bel ɗin da ya saki, ba ya tayar da mataccen kafasito, wato ɗan abin da ke taimaka wa motar inji ta tashi, kuma ba ya fitar da safar yaro da ta maƙale a famfon da ke tura ruwa waje. In ka san iyakarsa, aikin wuni ɗaya ne da kuɗi kaɗan.

Abin da ke danƙarewa a ciki

Ruwan da ya daɗe yana ratsa ƙasa da duwatsu yana kwaso sinadaran kalsiyam da magnesiyam. Ido ba ya ganinsu. Amma da zarar ruwan ya yi zafi, ko ya bushe a wuri ɗaya sau da yawa, sai su kwanta su zama farin ɓawo mai tauri, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Duk wanda ya taɓa dafa ruwan wanka da hita a bokiti ya san wannan farin abin da ke lulluɓe ƙarfen. Shi ne dai ke kama hitar da ke ƙarƙashin gangar inji mai ƙofa a gaba, ya kama ramukan ganga, ya gangara cikin tiyo da famfon fitar da ruwa.

A Zariya ruwanmu ba ɗaya ba ne. Ruwan famfo asalinsa na kogi da madatsa ne, irin su Galma da Shika, ko Kubanni ga mutanen cikin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ruwan sama da ya taru a madatsa bai cika ɗaukar waɗannan sinadarai da yawa ba. Rijiya da burtsatse kuwa kowacce da halinta. Akwai rijiyar da sabulu ke kumfa a ruwanta nan take, akwai ta zartsi wadda za ka yi ta goga sabulu yana sulɓewa ba kumfa, kuma gida biyu a layi ɗaya suna iya bambanta. Wanda ke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa ma bai san daga ina jarkar yau ta fito ba.

Sannan farin ɓawon ba shi kaɗai yake ba, kuma a ganina ba shi ne babban mai laifi a garin nan ba. Da damina ruwan rijiya na zuwa da jar laka. A watan Maris da Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, guga na kwaso yashin gindi. Da hunturu ruwa ya yi sanyi ƙarara, garin omo ba ya narkewa duka, ga ƙurar da tufafi ke shigowa da ita. Ƙara da sitacin da ke fita daga shadda da yadi, da zaren tawul, da sabulun sanda da wasu ke yankawa su jefa, wanda idan ya gamu da ruwan zartsi yake zama wani kitse mai toka-toka. Farin ɓawo yana sa bangon tiyo ya yi kaushi, sauran tarkacen su sami wurin kamawa. A hankali hanyar da yatsa biyu ke shiga ta koma ta yatsa ɗaya.

Akwai gwajin da nake yi kafin in sayi komai. Ka kankaro ɗan abin da ya danƙare, daga bakin tiyo ko gefen matatar da ke tare datti kafin ruwa ya fita, ka sa a murfin kwalba, ka matsa masa lemun tsami. In ya yi ƙananan kumfa yana tsuwa, farin ɓawo ne, tsami zai ci shi. In ya yi shiru ya jiƙe kawai, laka ce da sabulu, aikin buroshi da ruwan ɗumi ne ya fi yawa. Sau da yawa za ka ga ya ɗan yi kumfa ya bar laka a ƙasa, wato duka biyun ne.

Kafin ka zuba komai

Cire kaya duka, ka sa injin a kan matsa kaɗai, inda aka rubuta Spin, ka tsaya kusa ka saurara. In ya zuƙe ruwa ya ɗauki gudu lafiya ba kaya, to motarsa lafiya take. Matsalar ko dai nauyin kaya ce ko kuma ruwa ne ba ya fita da sauri idan ya yi yawa. Sai ka bari ya ɗebi ruwa, ka sa shi ya zubar, ka dubi bakin tiyo. Famfo mai lafiya yana tunkuɗo ruwa cike da baki, ya kwashe gangar cikin minti biyu zuwa uku. In kana jin gurnanin famfo amma ruwa na zuwa siriri, hanya ta toshe.

Inji mai allo yakan faɗi ciwonsa da kansa. A LG, OE na nufin ruwa ya ƙi fita, UE kaya sun taru gefe ɗaya, IE kuma ruwa ba ya shigowa. A Samsung, 5E ko 5C shi ne na fitar ruwa, UE ko Ub na karkatar kaya, 4E ko 4C na shigowar ruwa. In UE kake gani, ajiye maganar tsami tukuna. Bargo ɗaya tal, ko darduma, ko babbar riga da ta naɗe sauran kaya ta zama dunƙule, kowanne yana sa ganga ta yi ta dukan gefe, injin ya rage gudu don kada ya karya kansa. Warware kayan, ka haɗa babba da tawul biyu ko uku don nauyi ya rarrabu. Ka kuma girgiza injin da hannu, in yana rawa a kan siminti ka murɗa ƙafafunsa har ya zauna daram.

Dubi tiyon fitar ruwa ma. Na inji mai ƙofa a gaba ana rataye bakinsa tsakanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa. Mai tukunya biyu, da yawancin masu murfi a sama da ake sayarwa a nan, ba su da famfo, gangara kawai ruwan ke bi, don haka tiyonsu a kwance yake so. Na je wani gida a Hanwa inda aka ɗora tiyon irin wannan a kan bulo biyu don ya kai bakin kwata. Na ce, "Hajiya, tun yaushe aka ɗaga tiyon nan?" Ta ce, "Malam, ai tun da aka yi mana sabon daɓe ne, kuma tun lokacin ne ya fara wannan iskancin." Muka ɗora injin a kan katako, tiyo ya sami gangara, magana ta ƙare ba a sayi ko cokali ɗaya na tsami ba.

Yanzu sai matatar ruwa. Zare filogi daga soket, ba kashe maɓalli kawai ba, ka sa silifas na roba, domin gidaje da yawa wayarsu ba ta da layin ƙasa, ga ruwa zai malala. A inji mai ƙofa a gaba akwai ƙaramar ƙofa a ƙasa, yawanci ta hannun dama. Bayanta akwai murfi mai zagaye, wani lokaci da siririn tiyo a gefensa. Kawo faranti mai faɗi da tsummoki. In akwai siririn tiyon, cire toshiyarsa ka tsiyaye ruwan a faranti, ka zubar, ka sake, har ya ƙare. In babu, murɗa murfin hagu kaɗan kaɗan, ruwa ya fito, ka mayar, ka zubar. Kada ka buɗe gaba ɗaya lokaci guda, ruwan da ke ciki ya fi abin da kake zato, kuma in wankin zafi aka yi ka jira ya huce.

Abin da ke fitowa daga wurin nan sai wanda ya gani: maɓallan kaftani, fil ɗin hijabi, ƙwayar carbi, tsinken sakace, marfin biro, ƙwallon dabino, robar gashi. Wanke matatar da tsohon buroshin haƙori. Haska ramin da tocila, za ka hango wata ƙaramar farfela a can ciki. Juya ta da yatsa. Tana juyawa ne da ɗan tsalle-tsalle saboda maganaɗisun da ke cikinta, wannan lafiya ne. In ta ƙi motsi, zare ko gashi ya naɗe ta, ka jawo shi da filaya mai dogon baki. Mayar da murfin ka ɗaure sosai. Rabin injinan da aka ce sun lalace a nan suke warkewa.

Tsamin da nake amfani da shi

Ɗan tsami, wato farin garin sitirik asid da masu zoɓo da jinja ke sawa. Ana samunsa wajen masu kayan kek da kayan haɗa lemo, ko masu sayar da sinadaran sabulun ruwa, a kasuwar Sabon Gari ko Tudun Wada. Na fifita shi a kan farin binega don dalili biyu. Binegar kanti kashi 5 cikin 100 ne kawai tsami, saura ruwa, sai ka juye lita guda ko fiye kafin ta yi abin kirki, kuma yawan amfani da ita yana gajiyar da robobin inji. Ga wari. Lemun tsami kuwa na gwaji ne, don kafin ka tara ƙarfin giram 100 na ɗan tsami sai ka matse kusan lita biyu ta ruwansa. Tsamiya ma kada ka fara, ɓargonta zai ƙara toshe abin da kake son buɗewa, ya kuma bar launi. In ka sami maganin da kamfani ya haɗa musamman don wannan aiki, bi abin da aka rubuta a jikin kwalin, yawancinsu ma tsamin nan ne a ciki.

Ga inji mai ƙofa a gaba mai cin kilo 6 zuwa 8, giram 100 ya isa. Wajen cokali bakwai ke nan na cin abinci, ko kashi biyu cikin uku na ƙaramin gwangwanin madara. Kada ka ce bari in ninka don ya fi ci. Bayan gangar akwai wani ƙarfe mai ƙafa uku da ke riƙe ta, na alminiyam ne, ga robar ƙofa, ga robar da ke hana ruwa kaiwa ga boris ɗin da ganga ke juyawa a kansa. Tsami mai yawa da daɗewa ba ya yi musu daɗi.

Narkar da garin a kofin ruwan ɗumi. Ganga ba kaya, ba omo. Zaɓi wankin auduga, inda aka rubuta Cotton, zafi digiri 60, ko kuma Tub Clean ko Drum Clean in injinka na da shi. Kunna, ka bari ya gama ɗiban ruwa tukuna, sannan ka jawo aljihun omo ka zuba tsamin ta nan, ka bi shi da kofin ruwa. Dalilin jiran shi ne injina da yawa suna fara aiki da zuƙe abin da ke gindinsu, in ka riga ka zuba ruwan tsami sai ya tafi kwata tun ba a fara ba. Idan ya yi kamar minti ashirin yana juyawa, gilashin ƙofa ya yi ɗumi, danna tsayawa ka bar shi ya jiƙa awa guda, sannan ka sake shi ya ƙarasa. Wasu injinan ba sa yarda da doguwar tsayawa, sai su zubar da ruwan da kansu. In naka haka yake, bar shi ya yi wankinsa mafi tsawo kawai.

Kada ka kai zafin 90. Mutane na ganin ƙarin zafi ƙarin tsabta ne, amma a irin wannan zafin tsamin da farin ɓawon da ya narkar suna iya haɗuwa su zama wani farin gari da zai sake kwanciya a kan hita. 60 ya wadatar.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ke yanke ranar da za a yi aikin. Hitar injin nan tana jan wajen wat 2000. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, batirin inbata kuma za ta shanye shi. Ka zaɓi lokacin da ka san wuta ta fi zama a unguwarku. In ba dama sai janareta ko inbata, sa injin a wankin sanyi, ka dafa ruwa a gas ko gawayi, ka sirka shi ya zama mai zafin da hannu ke iya jurewa na ɗan lokaci, ka zuba buta biyu ko uku ta aljihun omo bayan ya ɗebi nasa. Tsami na aiki a ruwan sanyi ma, jinkiri kawai yake yi, sai ka ƙara masa lokacin jiƙa.

Yayin da yake jiƙa, kada ka zauna. Bayan ka zuba tsamin, aljihun omo na fita gaba ɗaya in ka danna ɗan harshen da ke tsakiyarsa, amma ka jira lokacin da injin ke tsaye. Jiƙa shi a baho da cokali ɗaya na tsami, ka goge rufin ramin da ya fito da buroshi, nan ne ƙananan ramukan da ruwa ke fesowa suke toshewa. Ka mayar da shi kafin ka sake kunna injin.

Inji mai murfi a sama ya fi cin ruwa kuma yawanci ba shi da hita, don haka farin ɓawonsa bai kai na wancan ba, dauɗar sabulu ce ta fi yawa a bayan ganga inda ido ba ya kai. Cika shi har matakin sama da ruwan ɗumi, zuba giram 150 zuwa 200, bari ya juya minti goma, tsayar da shi awa biyu, ka sake shi. Za ka ga wasu baƙaƙen ɓawo suna yawo a saman ruwa. Kwashe su da rariya kafin ya zubar, kada su tafi su toshe bawul.

Ga matakin da mutane ke tsallakewa, sannan su ce tsami ya ɓata musu inji: bayan an gama, a sake buɗe matata. Duk abin da ya ɓanɓaro bai narke ba can ya tafi ya taru. Na sha ganin injin da ya fi muni bayan wankin ciki, dalilin ke nan kawai. Wanke matatar, ka sa injin ya yi ɗauraya sau ɗaya ko biyu da ruwa zalla. In za ka iya, kwance tiyon fitar ruwa daga inda aka rataye shi, ka lanƙwasa shi gaba da baya a hankali don abin da ya kama bangonsa ya saki, ka tura masa ruwa. Goge cikin naɗin robar ƙofa da tsumma, ka bar ƙofar a buɗe.

Akwai wani siririn tiyo da ke tashi daga gindin ganga zuwa wata na'ura a sama, wadda ke gaya wa injin yawan ruwan da ke ciki. Idan kitsen sabulu ya toshe gindinsa, injin sai ya ɗauka har yanzu da ruwa alhali ganga ta bushe, ya ƙi matsa. Wankin ɗumi da tsami yakan buɗe shi. In bai buɗe ba, sai an cire murfin sama, wannan kuma na bar wa mai gyara.

Abin da ba a zubawa

Hypo ko Jik ba sa haɗuwa da tsami ko binega, ko kusa. Haɗinsu yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, ga shi yawancinmu a banɗaki ko lungu marar taga muke ajiye inji. In kana son ka kashe wari da bilic, ka yi shi wata rana daban bayan an ɗauraye. Ruwan batir da maganin wanke masai irin Harpic sun fi ƙarfin inji, za su ci farin ɓawo su haɗa da ƙarfe da roba, a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Bakin soda da ake cewa a haɗa da binega, kumfar da kake gani alama ce ta sun kashe juna, abin da ya rage kusan ruwan gishiri ne. Kanwa kishiyar tsami ce, ba ta narkar da farin ɓawo, ga yashi a cikinta.

Mai tukunya biyu

Shi ne ya fi yawa a gidajenmu, kuma gaskiya ita ce in tukunyar matsarsa ta yi rauni, da wuya a ce farin ɓawo ne. Motar matsa daban take da ta wanki, ba ta jiran wata na'ura ta ba ta izini. Duk da haka wanke cikinsa na da amfani, domin idan ruwan da aka matse bai samu hanyar fita ba, yana taruwa a ƙarƙashin kwandon ya riƙe shi, ka ji yana gudu da nauyi yana fatsal-fatsal.

Cika tukunyar wanki da ruwan ɗumi wanda zafinsa bai wuce digiri 50 ba, jikin roba ne, tafasasshen ruwa na lanƙwasa shi. Zuba giram 150, juya minti goma sha biyar, bar shi awa biyu. Ɗebi kofi uku ko huɗu na ruwan ka zuba a kwandon matsa, ka goge ramukansa da buroshi. Sannan ka zubar. Faifan da ke juya kaya a gindin tukunya noti ɗaya ne ke riƙe shi a tsakiya. Kwance shi da sukundireba ka ɗaga, abin da za ka gani a ƙarƙashi zai ba ka mamaki: laka, yashi, zare, har allura. Cire ragar tara zare ka wanke. A bayan injin, in ka cire faifan baya, akwai bawul mai murfin murɗawa inda tiyoyin tukunya biyun suka haɗu, ciki da roba da sifirin. Nan maɓalli da tsinke ke maƙalewa. Lura da yadda suke a jere kafin ka fitar, don ka mayar daidai.

Leƙa tsakanin kwandon matsa da bangonsa da tocila. Safa, hular jariri da hankici suna tsallakawa can idan ba a danne kaya da faifan robar nan da ke zuwa da injin ba, wanda a gidaje da yawa yara sun mai da shi abin wasa. Jawo su da waya mai lanƙwasa.

In duk ka yi wannan, ga alamomin da ke cewa aikin ya wuce tsami. Mota na gurnani ba ta tashi sai ka juya kwandon da hannu: yawanci kafasito ne, ba shi da tsada, amma yana riƙe wuta ko bayan an zare filogi, kada ka taɓa bakinsa. Kwandon na da tauri ko da murfi a rufe: wayar birki ta saki ko ta tsinke, birki ya kama. Shiru gaba ɗaya: makunnin da ke ƙarƙashin murfi ko agogon lokaci. Ruwa na ɗiga a ƙarƙashin ɓangaren matsa: robar da ke gindin kwandon ta yage, ruwa na sauka kan mota, ka daina amfani da shi nan take kafin motar ta ƙone. A mai ƙofa a gaba kuwa, ƙara mai kama da niƙa lokacin gudu boris ne, mota na gudu ganga na tsaye bel ne, in injin mai bel ne.

Kafin ka zargi ko ɗaya daga ciki, dubi ƙwan ɗakinka. Injinan nan an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Ranar da fanka ke juyawa da ƙyar, motar matsa ma haka za ta yi, kuma tilasta mata a irin wannan wuta shi ke ƙona ta. Ka jira wuta ta cika, ko ka sa sitabilaiza mai ƙarfin da ya dace da injin.

Don kada a koma gidan jiya

Omo shi ne abin da na fi faɗa a kai. Garin wankin hannu an yi shi ne don ya yi kumfa, inji mai ƙofa a gaba kuma kumfa ce abokiyar gabarsa. Famfo ba ya iya tura kumfa, injin sai ya yi ta ƙoƙari ya haƙura ya bar kaya jiƙe. Sayi wanda aka rubuta na inji ne, ka rage hannu. In ka ga kumfa ta haura rabin gilashi, ya yi yawa. Sitaci kuma a baho ake sa shi bayan an fito da kaya, ba a cikin inji ba.

Ruwan rijiya ko na 'yan ga-ruwa, bar shi ya kwana a duro ya kwanta, ka ɗebi na sama. In ya yi ja sosai da damina, ɗan alif yana kwantar da lakar, amma ba ya cire zartsi. Masu tanki a sama, ku riƙa wanke gindinsa kafin damina da bayanta. Inda tiyon shigowar ruwa ya haɗu da bayan inji akwai wata 'yar raga, rufe famfo ka kwance tiyon ka jawo ta da filaya, za ka same ta cike da yashi. Ita ce ke sa inji ya yi rabin awa yana ɗiban ruwa.

Matatar ruwa nake buɗewa kowane wata, don nawa injinan kullum suna aiki. Na gida duk wata biyu ya isa. Wankin tsami kuwa ya danganta da ruwanka da kuma ko kana wankin zafi. Mai ruwan zartsi da ke kunna hita ya yi duk wata uku ko huɗu. Mai ruwan famfo da ke wankin sanyi, sau ɗaya ko biyu a shekara, kuma ni na fi son a yi shi a ƙarshen damina, wajen Oktoba, bayan laka ta gama shigowa. In za ka kira mai gyara, gaya masa lambar da allo ya nuna, da ko injin na gudu in ba kaya, da cewa ka riga ka wanke matata da tiyo. Ka kuma ce ya bar maka duk abin da ya cire ya canza.